Vin de Constance: giyar inabin da ta ɓace kusan ƙarni guda, da yadda aka sake ƙirƙiro ta

A kudancin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, a gangaren dutsen Constantiaberg mai fuskantar teku, akwai wata gonar inabi mai suna Klein Constantia wadda faɗinta bai kai hekta 150 ba. Gonar tana fitar da giyar inabi kala-kala, amma guda ɗaya ce ta kai sunanta duniya, wato wata farar giya mai zaƙi da ake kira Vin de Constance, wadda ake zubawa a wata baƙar kwalba mai cin rabin lita, mai ɗan karkataccen jiki da aka ƙera da gangan domin ta yi kama da kwalaben da maƙeran gilashi suke hurawa da baki a ƙarni na 18. Masu sayar da ita suna cewa ita ce giyar da sarakunan Turai suka sha, kuma ita ce ta ɗebe wa Napoleon, hamɓararren sarkin Faransa, kewa a gudun hijirarsa. Akasarin masu karanta wannan rubutu ba mashaya ba ne, kuma hukuncin addini a kan giya sananne ne, to amma labarin wannan kwalba ya ƙunshi noma, da cinikin bayi, da harajin fito, da annobar tsirrai, da kuma dabarar mayar da tarihi hajar sayarwa, waɗanda duk abubuwa ne da suka cancanci a fahimce su.

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a fara warware batun zaƙin, domin a nan ne tsadar ta samo tushe. Ruwan inabi da aka matse yana ɗauke da sukari, kuma ƙwayoyin yis su ne suke cinye sukarin su mayar da shi barasa da iska mai kumfa. A ƙiyasin masu sana'ar, kusan giram 17 na sukari a lita guda shi ne yake ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Inabin da aka tsinka a lokacin da aka saba yana da sukari tsakanin giram 200 zuwa 240 a lita, kuma yis yana iya cinye shi kusan kakaf, shi ya sa mafi yawan giyar inabi ba ta da zaƙi ko kaɗan duk da cewa daga 'ya'yan itace masu zaƙi aka yi ta. Wanda yake son zaƙi ya saura a cikin giyarsa yana da hanya biyu, ko dai ya kashe yis ɗin tun bai gama aikinsa ba, ko kuma ya ba shi sukarin da ya fi ƙarfinsa. Hanya ta farko ita ce ta mutanen Fotugal masu yin giyar Port, waɗanda suke kwarara barasa mai ƙarfi a cikin ruwan inabin yana tsaka da tsimuwa. Hanya ta biyu ta fi wuya nesa ba kusa ba, domin tana bukatar a rage ruwan da ke cikin 'ya'yan inabin tun kafin a matse su, ta yadda ɗan abin da ya saura zai yi kauri da sukari.

Kowane yanki da ya yi suna a wannan fanni yana da tasa dabarar rage ruwan, kuma yanayin wurin ne yake zaɓa masa. A Sauternes ta ƙasar Faransa, hazon safiya da ke tasowa inda rafin Ciron ya haɗu da kogin Garonne yana haifar da wata irin fumfuna mai suna botrytis, wadda take huda fatar inabi, ruwan ya tsane, sukari ya taru. Da irin wannan fumfuna ce aka yi giyar Château d'Yquem da kuma Tokaji ta ƙasar Hangare. A Jamus da Kanada kuwa, barin inabin ake yi a gona har sanyi ya daskarar da shi, sai a matse shi yana ƙanƙara, ruwan ya maƙale a cikin matsewa, zallar zaƙin ya tsiyaye. Constantia ba ta dogara da fumfuna ko ƙanƙara ba. Abin da take da shi rana ce da iska. Ruwan sama a yankin Cape da hunturu yake sauka, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, lokacin zafi kuma, wanda shi ne lokacin nunar inabi, sai sama ta bushe, wata iska mai ƙarfi ta dinga kaɗowa daga kudu maso gabas ta kan teku. Iskar tana busar da ganye da 'ya'ya, ta hana ruɓa, sannan ta rage zafin rana ta yadda inabin ba ya rasa tsaminsa. Saboda haka manomi yana iya barin nonon inabi a jikin kuranga makonni bayan ya nuna, har 'ya'yan su yanƙwane su koma kamar zabibi ba tare da sun lalace ba.

Irin inabin da ake amfani da shi sunansa Muscat de Frontignan, mai ƙananan 'ya'ya da ƙamshi mai ƙarfi, kuma ƙamshin nasa a cikin fata yake. Girbinsa ba na rana ɗaya ba ne. Tun daga ƙarshen watan Janairu ake fara shiga gona a tsinko wani kaso yana da sauran tsami sosai, domin shi ne zai riƙe giyar kada zaƙi ya yi mata yawa har ya ginshi mai sha. Daga nan sai a dinga komawa layi ɗaya sau da yawa har cikin watan Maris ko bayansa, kowace shiga da irin abin da ake nema. A shigar ƙarshe, mai girbi yana tsayawa gaban kuranga, ya ɗaga nonon inabi a tafin hannunsa, ya juya shi, ya zare 'ya'yan da suka yi duhu suka yanƙwane ɗaya bayan ɗaya, ya bar waɗanda suke da sauran ruwa, ya jefar da waɗanda tsuntsu ya tsaga ko suka fara tsami irin na lalacewa. Aiki ne da na'ura ba ta iya yi, kuma mutum yana iya wuni a kai bai tara abin kirki a kwandonsa ba. Duk tsawon waɗannan makonni amfanin gonar yana cikin haɗari, domin tsuntsaye suna sonsa, haka ma gogon biri da ke saukowa daga dutsen garke-garke, sannan ruwan sama guda ɗaya da ya sauka ba a lokacinsa ba yana iya ruɓar da abin da aka daɗe ana tattali.

Idan an kai inabin rumbun sarrafawa, sai a murƙushe shi a bar fatar a jiƙe cikin ruwan na wasu kwanaki domin ƙamshi ya fito, zabibin kuma ya saki sukarinsa, sa'an nan a matse. Ruwan da ke fitowa yana iya ɗaukar sukari kusan giram 400 a lita, wato ninki biyu na abin da aka saba. A cikin irin wannan kauri yis yana aiki ne da ƙyar, tsimuwar da a wata giya take ƙarewa cikin makonni biyu ko uku a nan tana jan watanni, har barasa ta kai wajen kashi 14 cikin 100, yis ya gaza, ya tsaya. Abin da ya saura na sukari yakan kama daga giram 150 zuwa 180 a lita, gwargwadon shekara. Domin a gane girman wannan adadi, lemon kwalba irin na Coca-Cola yana da sukari kimanin giram 106 ne a lita. Bayan haka sai a ajiye giyar a gangunan katako kusan shekara uku kafin a haɗa kason da aka tsinka daban-daban a zuba a kwalba. Idan aka tara waɗannan, wato nauyin da inabi ya rasa a rana, da yawan hannun da girbin ya ci, da shekarun da jari ya yi a kwance cikin ganga, za a ga cewa wani ɓangare na tsadar gaskiya ne, kuɗin wahala ne da asara. Sai dai akwai gonaki da yawa a duniya da suke shan irin wannan wahala ba su samu ko rabin farashin ba, kuma abin da ya bambanta Constantia da su shi ne suna.

Sunan ya faro ne daga Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda ya kafa zango a Cape a 1652 domin jiragensa masu zuwa Asiya su sami ruwa da abinci. Jan van Riebeeck, shugaban zangon na farko, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa an matse giyar inabi karon farko a wurin ranar 2 ga Fabrairu 1659. A 1685 aka ba Simon van der Stel, wanda yake jagorantar zangon a lokacin, wani makeken fili mai hekta fiye da 750 a bayan Dutsen Tebur, ya sa masa suna Constantia, ya dasa inabi. Bayan rasuwarsa a 1712 aka yanka filin aka sayar. Kason da gidan gonar yake ciki ya zama Groot Constantia, wanda ya shiga hannun Oloff Bergh, daga baya kuma matarsa Anna de Koningh ta gaje shi, ita kuwa 'yar wata baiwa ce da aka kawo daga Bengal. Wani ƙaramin kaso ya shiga hannun Johannes Colijn, kuma shi ne masana tarihi suke ɗauka a matsayin wanda ya buɗe wa giyar kasuwar Turai a shekarun 1720. Mahaifiyar Colijn, Maria Everts, 'ya ce ga Evert da Anna na Gini, bayi ne daga gaɓar Afirka ta Yamma da jirgin Holan ya sauke a Cape a 1658. Wato mutumin da ya fara ɗaga sunan wannan giya jikan bayin Afirka ta Yamma ne, wanda shi ma da ya samu wadata da bayi ya yi nomansa. Wannan ɓangare na labarin bai cika fitowa a tallace-tallace kamar yadda sunan Napoleon yake fitowa ba.

Me ya sa giya daga ƙarshen nahiyar Afirka ta samu karɓuwa a fadojin Turai? Dalili na farko shi ne tafiya. Jirgin ruwa mai filafilai yana shafe watanni tsakanin Cape da Amsterdam, yana ƙetare zafin tsakiyar duniya, kuma giya marar ƙarfi tana komawa ruwan tsami kafin ta isa. Sukari mai yawa tare da barasa suna kare giya daga lalacewa, saboda haka mai zaƙin ce kaɗai take isa da darajarta, yayin da sauran giyar Cape ta yi ƙaurin suna wajen rashin kyau. Dalili na biyu shi ne cewa a wancan zamani zaƙi kansa alamar arziki ne, domin sukari kayan masu hali ne. Dalili na uku kuma ƙarancinta ne, gonaki biyu ko uku ne kawai suke yinta, sannan Kamfanin yana tilasta musu su ba shi wani kaso kowace shekara a farashin da shi ya yanka, ya kai Turai ya yi gwanjonsa ko ya raba wa manya a matsayin kyauta. Wannan kyauta ta yi wa giyar tallar da kuɗi ba zai saya ba, domin abin da aka gani a teburin sarki kowane attajiri zai so a gan shi a nasa.

Zamanin da giyar ta fi ɗaukaka shi ne na iyalin Cloete. Hendrik Cloete ya sayi Groot Constantia a 1778, ya gyara gonar, ya gina babban rumbun giya a 1791 wanda har yau yana tsaye. A wancan lokaci ana yin fara da ja, kuma ba daga irin inabi ɗaya ba, akwai Muscat fari da ja, akwai Pontac, akwai Steen. Frederick Mai Girma na Prussia yana cikin sarakunan da aka ambata da sayenta, marubutan Ingila da Faransa na ƙarni na 19 sun sanya ta cikin ƙagaggun labaransu da waƙoƙinsu, sannan lokacin da Birtaniya ta tsare Napoleon a tsibirin Saint Helena daga 1815 har mutuwarsa a 1821, ana kai masa ita daga Cape. A nan ya dace a yi ɗan tsokaci. Cape ita ce babbar tashar da ake yi wa tsibirin sayayya, saboda haka zuwan giyar Cape teburin Napoleon yana da alaƙa da kusanci kamar yadda yake da alaƙa da zaɓi. Wannan bai hana labarin yin kuɗi ba. A 2021 an yi gwanjon wata kwalbar Constantia ta shekarar 1821 a Afirka ta Kudu a kan kusan rand miliyan ɗaya, kuma abin da aka fi nanatawa a kanta shi ne cewa wai domin Napoleon aka tanade ta, ajali ya riga ta isa.

Duk wannan aiki na tsinkar 'ya'ya ɗaya-ɗaya, da korar tsuntsu, da tattake inabi, da mirgina ganga, bayi ne suka yi shi. An kawo su daga Madagaska, da Mozambik, da gaɓar Indiya, da tsibiran da yau ake kira Indonesiya, kuma a tsawon ƙarni na 18 yawansu a Cape ya zarce na Turawa 'yantattu. Daga cikinsu, da kuma fursunonin siyasa da Holan take kora daga Asiya, Musulunci ya kafu a yankin. A bakin ƙofar Klein Constantia ta yau akwai hubbaren Shaikh Abdurrahman Matebe Shah, wanda al'ummar Musulmin Cape suke riƙe da cewa yana cikin shugabannin da Turawan Holan suka koro daga Sumatra a ƙarshen shekarun 1660, suka killace a dajin Constantia tun kafin a dasa inabi a wurin. Musulmi suna ziyartar hubbaren har gobe, ta kan hanyar da masu zuwa ɗanɗana giya suke bi.

Faɗuwar giyar ba ta zo da bugu ɗaya ba, kuma masu taƙaita labarin da cewa ƙwaro ne ya kashe ta sun rage masa fiye da rabi. Birtaniya ta karɓe Cape a 1806, kuma a 1813 ta rage wa giyar Cape harajin shiga ƙasarta, abin da ya kawo bunƙasa ta ɗan lokaci. Daga 1825 aka fara zaftare wannan gata. A ranar 1 ga Disamba 1834 aka soke bauta a Cape, inda akwai bayi fiye da 35,000, ko da yake an ci gaba da riƙe su da sunan koyon sana'a har 1838. Diyyar da gwamnati ta biya iyayen gidan ta biya, ba bayin ba, kuma a Landan ake karɓarta, amma duk da haka gonar da aka gina lissafinta a kan aikin da ba a biya ta shiga matsi da zarar ya zama dole a biya lada. A 1859 wata cutar fumfuna mai kama da farin gari ta shiga gonakin Cape. Sai kuma yarjejeniyar ciniki da Birtaniya ta ƙulla da Faransa a 1860, wadda ta buɗe wa giyar Faransa kasuwar Ingila, ta bar ta Cape tana gogayya da maƙwabciyar kasuwa alhali ita sai ta ƙetare teku na dubban kilomita. Iyalin Cloete sun karye a shekarun 1870, gwamnatin Cape ta sayi Groot Constantia a 1885 a kan fam 5,275, ta mayar da ita gonar gwaji. Ƙwaron filoksera, mai cin saiwar inabi, an gano shi a Cape a 1886, wato ya tarar da sana'ar tana kwance. Maganinsa, a can kamar a Turai, shi ne a yi wa reshen inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, irin auren da masu lambu suke yi wa mangwaro, amma lokacin da aka sake dasa gonaki babu wanda ya ga riba a komawa ga tsohuwar giyar mai zaƙi. Sukari ya riga ya yi araha, ɗanɗanon masu kuɗi kuma ya karkata ga jar giyar Bordeaux da shamfen, duka na Faransa.

Ƙarni na 20 bai kawo abin da zai farfaɗo da ita ba. Ƙungiyar manoman inabi ta KWV, wadda aka kafa a 1918, ta zama mai yanke farashi da ƙayyade yawan abin da kowa zai noma, tsarin da ya fi ƙarfafa yawa a kan inganci. A gonaki da yawa na yankin an ci gaba da biyan wani ɓangare na ladan leburori da giya, al'adar da aka gada daga zamanin bauta, wadda doka ta hana a farkon shekarun 1960 amma ta ci gaba a wasu wurare har shekarun 1990, kuma yankin Yammacin Cape yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan jariran da shan barasar iyaye mata ya nakasa tun suna ciki. A 1961 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Constantia a matsayin unguwar Turawa zalla, aka kwashe iyalan da ba farare ba, waɗanda da yawansu zuriyar bayin gonakin ne masu noman furanni da kayan lambu, aka watsa su a unguwannin Cape Flats. Kwarin ya koma ɗaya daga cikin unguwanni mafi tsada a ƙasar, gidaje suka cinye gonaki da dama.

A cikin wannan hali ne Duggie Jooste ya sayi Klein Constantia a 1980, gonar tana cike da ciyawa da itatuwan da suka mamaye ta. Akwai wani abu da yakan rikita mutane a nan. Wannan Klein Constantia ba ita ce gonar Colijn ba, duk da cewa tasa ma an taɓa kiranta da wannan suna kafin ta koma Hoop op Constantia. Ta yanzu an yanko ta ne daga Groot Constantia a 1823 aka ba wani ɗan gidan Cloete. Jooste ya nemi taimakon Farfesa Chris Orffer na Jami'ar Stellenbosch, masanin inabi, tare da Ross Gower mai sarrafa giya, suka bi tsofaffin takardu da bayanan matafiya domin su gano yadda ake yin ta dā, suka nemo irin Muscat de Frontignan da suke kyautata zaton tsatson wanda aka fara kawowa Cape ne, suka dasa. Girbin farko na Vin de Constance na 1986 ne, aka fitar da shi kasuwa a 1990, shekarar da aka saki Nelson Mandela. Dacewar lokacin ta yi mata rana ƙwarai, domin takunkumin da ya toshe wa kayan Afirka ta Kudu kasuwannin waje ya fara sassautawa, duniya kuma tana neman wani abu daga ƙasar da za ta yaba.

To, shin giyar yau ita ce ta dā? A ganina amsar gaskiya ita ce a'a, kuma faɗin haka ba ya rage wa masu yinta komai. Ƙasar dai ita ce, mai ruɓaɓɓen dutsen giranit, iskar ma ita ce, haka kuma tushen dabarar na barin inabi ya yanƙwane a kuranga ba tare da ƙara barasa ba. Amma tsakanin kwalba ta ƙarshe ta Cloete da ta farko ta Jooste akwai kusan shekara 100 da babu wanda ya gaji sana'ar daga hannun wani. Kurangar yau tana tsaye a kan saiwar Amurka, ta dā a kan tata saiwar take. Ta dā gaurayen iri ce, fara da ja, ta yau iri ɗaya ce. Ta dā da ƙafa ake tattake ta a zafin watan Maris, ta yau kuwa a tankunan ƙarfe masu na'urar sanyaya ake fara ta, ana auna sukari da tsaminta a ɗakin gwaji. Ita kanta ta zamanin ba ta tsaya a kama ɗaya ba, domin tun da Matthew Day ya karɓi aikin sarrafawa a farkon shekarun 2010 an karkata zuwa launi mai haske da ƙarin tsami, an rage nauyin da girbin farko-farko suke da shi. Abin da ke cikin kwalbar ƙirƙira ce ta masana da aka gina bisa karatun takardu, aka tufatar da ita da kwalba mai siffar dā. Ba ita kaɗai take da'awar gadon ba ma, domin Groot Constantia, wadda a rumbunta ne aka yi giyar da aka kai wa Napoleon, ta fito da tata mai suna Grand Constance a farkon shekarun 2000, sauran maƙwabta ma sun bi sahu.

Sauyin mallaka ya nuna inda darajar take. A 2011 iyalin Jooste sun sayar da gonar ga Zdeněk Bakala, attajiri ɗan ƙasar Cek, da Charles Harman, ɗan Birtaniya mai harkar banki. A 2012 aka haɗe ta da gonar Anwilka ta Stellenbosch, abin da ya shigo da wasu fitattun masu gonakin Bordeaux guda biyu, Bruno Prats da Hubert de Boüard, cikin masu hannun jari. Amfanin waɗannan mutane biyu bai tsaya a sanin inabi ba, sun san dillalan da suke riƙe da kasuwar giya mai tsada ta duniya. Daga 2019 aka fara sayar da Vin de Constance ta hannun dillalan Bordeaux, tsarin da ake kira La Place, inda ake raba kowace fitowa kaso-kaso ga 'yan kasuwa da yawa, su kuma su watsa ta ƙasashe cikin 'yan kwanaki. A irin wannan tsari ba a cika barin mai saye ya ɗauki iya abin da yake so ba, ana ba shi ne gwargwadon matsayinsa, kuma wannan rabon da kansa yana ƙara wa kaya kwarjinin ƙaranci ko da gonar ta faɗaɗa filin da take shuka Muscat.

Barazanar da ke gaban gonar yanzu ta fi karkata ga yanayi da ƙasa. Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne a kan dogon lokacin zafi busasshe amma marar tsanani, domin idan zafi ya yi yawa sukari yana hauhawa da sauri, tsami ya zube, a samu giya mai zaƙi kawai babu abin da ke riƙe ta. A watan Maris na 2015, ana tsakiyar girbi, gobarar daji ta cinye dubban hektoci a duwatsun da ke saman kwarin, kuma hayaƙi kaɗai yana iya shiga fatar inabi ya ɓata ɗanɗanon giya. Daga wannan shekara zuwa 2018 yankin ya sha farin da ya kusa ƙafar da famfunan birnin Cape Town. Sannan ga kuɗin fili, domin a unguwa irin Constantia hekta guda da aka yanka filayen gidaje tana kawo abin da inabi zai daɗe bai kawo ba, kuma gonakin da suka rage a kwarin suna riƙe da kansu ne da haɗin giya mai tsada, da gidajen abinci, da baƙi masu yawon buɗe ido da motoci suke kawowa daga tsakiyar birni cikin abin da bai wuce rabin awa ba.